Mota ta rikice bayan canjin gasket ɗin manifol: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa daga bakin masu motoci da yaran gareji bayan an kwance manifol ɗin iska an mayar. Yawancin misalan na motocin fetur ne masu nozul, irin su Corolla, Pontiac Vibe, Camry, Sienna da Accord, domin su suka cika titunanmu.

1. Wane gasket ake magana a kai, kuma da me ya bambanta da tof gasket?

Manifol ɗin iska shi ne bututun nan mai rassa da ke karɓar iska daga bakin totur ya rarraba wa kowace silinda. Tsakaninsa da kan injin akwai gasket, na roba ko na ƙarfe mai rufin roba, wanda aikinsa ya hana iskar waje kutsowa ta gefe. Tof gasket kuwa yana ƙasa da nan, tsakanin kan injin da gangar injin, shi ke riƙe wutar silinda. Aikinsu daban, kuɗin gyaransu ma ba ɗaya ba.

Manifol iri biyu ne, kuma sanin wanda ke motarka zai rage maka rabin wahala. Akwai busasshe, wanda iska kawai ke bi ta cikinsa, kamar na robar da ke injin 1ZZ na Corolla da Vibe. Akwai kuma mai ruwa, wanda ruwan lagireto ke ratsa shi, kamar na injinan V6 na General Motors masu lita 3.1 da 3.4. Busasshe in ya sami matsala iska zai sha. Mai ruwa yana iya shan iska, yana iya zubar da ruwa waje, yana kuma iya tura ruwan cikin baƙin mai.

2. Kafin gyara motar tana tafiya, yanzu ta fi da lalacewa. Daga ina za a fara?

Daga inda hannu ya taɓa. Matsalar da ta ɓullo ranar da aka ɗaure manifol da wuya ta zama ta famfon mai ko ta kwamfutar mota. Kafin a sayi ko da fulogi ɗaya, a ɗauki tocila a bi duk abin da aka kwance: kowane tiyo, kowane soket, kowace wayar as (wayar da ke haɗa lantarki da ƙarfen jikin mota). A ja kowane soket a hankali a ji ko ya kama, domin kilif ɗin robarsu yana karyewa da tsufa, sai ka ga soket a zaune alhali bai shige ba. A leƙa bayan injin ta wajen bangon mota, nan ne ido ba ya kaiwa, nan ne kuma aka fi mantuwa.

A motoci da yawa 'yan Amurka akwai takarda manne a cikin bonet mai zanen yadda ƙananan tiyoyin iska ke tafiya. A gwada da ita. Sannan a sa sikana a rubuta lambobin da ta nuna kafin a goge su. Bakaniken da ya fara da cewa a kawo sabbin nozul tun bai yi wannan zagayen ba, canki-canki yake yi da kuɗinka.

3. Silo ya hau sama, ko yana hawa yana sauka. Me ya jawo?

Injin da ya ɗumi yakan zauna tsakanin 600 da 800 a agogon juyi. In ya maƙale a 1,200 ko 1,500, abu na farko da za a zarga shi ne iska na shiga ta bayan totur. Wuraren da aka saba samu: tiyon PCV (mai ɗauko tururin cikin injin zuwa manifol) da aka manta ko ya tsage wajen cirewa, gasket ɗin bakin totur da aka mayar da tsohonsa, sabon gasket da ya zame daga raminsa lokacin da ake ɗora manifol, ko wata waya da ta shiga tsakani aka ɗaure a kanta. Yadda ake gano wurin yana amsa ta 4.

Abu na biyu shi ne kwamfuta ta manta lissafinta. In an cire batir, ko an wanke bakin totur, sai ta sake koyon yawan iskar da za ta bari a silo. A Toyota yawanci da kanta take daidaitawa bayan an bar injin ya ɗumi a tsaye an kuma ɗan yi tafiya. A Honda ana riƙe totur a wajen 3,000 har fanka ta tashi, sannan a bar ta a silo minti 5 ba AC, ba fitila, ba rediyo. Nissan da yawa suna da tsarin koyarwa nasu da ya fi sauƙi da sikana. Hawa da sauka kuma, musamman a tsofaffin Honda, yakan zo ne daga iskar da ta maƙale a hanyar ruwa, domin bawul ɗin silo yana aiki da zafin ruwan da ke ratsa shi. Wannan a duba amsa ta 9.

Kada a taɓa ɗan notin da ke tokare totur don a saukar da silo. An saita shi tun daga masana'anta, kuma juya shi ɓoye ciwon kawai yake yi.

4. Yaya ake gano inda iska ke shiga?

Da kunne tukuna. A ɗauki guntun tiyo, a sa baki ɗaya a kunne, a bi da ɗayan gefen manifol injin yana silo. Inda ake shan iska za ka ji wani siririn sauti, "sssss", kamar na tayar da ƙusa ta huda.

In kunne bai kama ba, a fesa ruwa da 'yar kwalbar feshi a layin gasket, rassa ɗaya bayan ɗaya. Inda akwai kafa, injin zai ɗan yi tuntuɓe. A gareji an fi yin wannan da feshin wanke kafireto, wanda ke sa silo ya canza nan take, amma abu ne mai kama wuta. In za a yi, a yi da injin da bai yi zafi sosai ba, a nisanci salansa da koyil, a ajiye abin kashe gobara kusa. Zuba fetur daga gora a kan injin da ke aiki ganganci ne tsantsa.

Hanyar da ta fi kowace ita ce ta hayaƙi. Ana kashe injin, a toshe bakin shigar iska, a tura hayaƙi cikin manifol ta tiyon birki ko wani ƙaramin tiyo, sai a ga inda yake tsiyayowa. Ita kaɗai ke nuna kafar da ke ƙarƙashin manifol inda feshi ba ya isa. Mai agogon auna zuƙar iska kuma zai ga lafiyayyen injin yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo, allura a tsaye cak. A tuna cewa adadin yana raguwa da kusan inci ɗaya a duk hawan ƙafa 1,000, don haka motar da aka auna a Jos za ta nuna ƙasa da wadda aka auna a Legas ba tare da tana da wani ciwo ba.

5. Sikana ta nuna P0171. Shin gasket ɗin ne bai zauna ba?

P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a layin silinda na ɗaya, P0174 kuma a layi na biyu a injin V. Lambar ba ta faɗi dalili ba. Wanda zai faɗa shi ne lissafin gyaran mai, wanda sikana ke nunawa da STFT da LTFT. A haɗa su biyun. In jimlar tana cikin kashi 10 sama ko ƙasa, ba laifi. In ta kai 15 ko 20 ko fiye a silo, sai a taka totur zuwa 2,500 a riƙe. Ta sauko kusa da sifili? Iska ce ke shiga, domin kafar da ta dami injin a silo ba komai ba ce in totur ya buɗe. Ta tsaya a sama ko ta ƙaru? To ba gasket ba ne, a koma kan eyafulo (sensar da ke auna iskar da ke shiga injin), famfon mai ko nozul da suka toshe.

A injin V6, in layi ɗaya kawai ya nuna, kafar tana gasket ɗin wannan gefen. In duka biyun ne, a nemi abin da suka haɗa: bakin totur, tiyon PCV, ko babban tiyon da ke tsakanin eyafulo da totur. Wannan babban tiyon yana tsagewa a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa lokacin da ake murɗa shi a cire, kuma ba a gani sai an ciro shi an lanƙwasa a hannu.

Motar da ba ta da eyafulo, mai auna iska da sensar MAP kamar tsofaffin Accord da Civic, sau da yawa ba ta kawo wannan lambar ko da tana shan iska. Silonta ne kawai zai hau.

6. Kik yana juyawa amma mota ta ƙi tashi sam.

A duba fis ko rile na famfon mai, domin ana cire shi kafin aiki don a sauke matsin mai, kuma ana mantawa. A duba soket ɗin eyafulo, na totur da na sensar kamshaf. A injinan 1MZ da 3MZ na Camry, Sienna, Highlander da Lexus RX, akwai wayoyin as da ake ɗaurewa a jikin manifol na sama. In an bar su suna lilo, mota tana iya ƙin tashi ko ta tashi tana hauka, sikana ta cika da lambobin da ba su da alaƙa da juna.

In an yi ta kik har fulogi sun jiƙe da mai, a taka totur har ƙasa a riƙe a yi kik na daƙiƙa kaɗan. Motoci da yawa suna yanke mai a wannan yanayin. A tsofaffin injinan da sai an zare distiributa kafin manifol ya fita, zargi na farko taimin ne: haƙori ɗaya in ya goce, sai tari da harbi ta bakin totur.

Amma in kik ya fara juyawa ya tsaya cak da ƙarfi, a saki makulli, kada a sake gwadawa. Ruwa ne ya cika silinda ko wani abu ya faɗa ciki. A cire fulogi duka a juya injin da hannu. Dagewa da kik a nan yana lanƙwasa sandar fistin.

7. Tana tashi amma tana misin, jiki na rawa.

Lamba ce za ta nuna hanya. P0300 misin ne a silinda daban-daban, wanda ya fi kama da shan iska mai yawa. P0301 zuwa P0306 suna nuna silinda guda. In guda ce, a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciya. Lambar ta bi koyil, shi ne. Ta tsaya inda take, a duba soket ɗin nozul, robar bakin nozul, da gasket a daidai reshen wannan silindar. Misin ɗin da ke damun mota a silo ya ɓace in an taka, alamar shan iska ce a reshe ɗaya.

A V6 na Toyota, silinda 1, 3 da 5 su ne na baya da manifol ya rufe. Soket ɗin koyil ɗaya da bai shige ba a can yana nufin a sake kwance manifol na sama gaba ɗaya, shi ya sa ake ja a tabbatar kafin a rufe. A motoci masu wayar fulogi, a bi jerin wutar a tabbatar ba a sarƙe biyu ba.

8. Birki ya yi tauri tun bayan gyaran. Akwai alaƙa?

Akwai. Baƙar tukunyar da ke bayan fedar birki da zuƙar manifol take aiki, ta wani tiyo mai kauri. In an manta shi, ko an juya ɗan bawul ɗin da ke cikinsa, birki zai zama kamar dutse, silo kuma ya lalace. Kada a hau titi da ita har sai an mayar.

9. Injin ya fara zafi, alhali da ba ya yi.

Ko a busasshen manifol, akwai ƙananan tiyoyin ruwa biyu da ke shiga bakin totur, don haka kusan kullum ana zubar da ruwa a wannan aikin. In aka cika lagireto aka rufe kawai, iska takan maƙale a sama. Alamarta allurar zafi na hawa tana faɗowa, da ƙarar ruwa "ƙulu-ƙulu" a bayan dashbod.

A bar injin ya huce sarai. A ɗaga gaban motar kaɗan, a buɗe murfin lagireto, a murɗa hita zuwa zafi ko da ba a amfani da ita a nan, a tayar a bari har tamosta ta buɗe fanka ta tashi sau biyu, ana ƙara ruwa yayin da kumfa ke fita. Wasu injinan suna da notin fitar da iska a kusa da gidan tamosta, a buɗe shi har ruwa ya fito ba kumfa. A kuma duba soket ɗin sensar zafi, tunda ita ke gaya wa fanka ta tashi.

Abin da ba gyara ba ne shi ne a cire tamosta a haɗa fanka kai tsaye. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma sakamakonta injin da ba ya kai zafin aikinsa, yana shan mai fiye da ƙima. In an fitar da iska kumfa ba ta daina ba, a koma amsa ta 10.

10. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko salansa na farin hayaƙi. Tof gasket ya ƙone ke nan?

Ba lallai ba. A manifol mai ruwa, lokacin da aka ɗaga shi ruwa yakan kwarara cikin injin, shi ya sa ƙa'ida ce a canza baƙin mai da filta bayan aikin, kafin a tayar. In ba a yi ba, madarar ta ranar gyara ce. A canza yanzu, a yi tafiyar kwana biyu, a sake duba sandar awo. Farin hayaƙi na minti 10 zuwa 15 na farko ma yana iya zama ruwan da ya zuba ne yake ƙonewa.

In ruwan lagireto yana ci gaba da raguwa, a sa famfon gwaji a bakin lagireto a hura zuwa adadin da ke rubuce a murfin, yawanci 0.9 ko 1.1, a jira minti 15. Allura ta sauka ba a ga ɗigo a waje ba, cikin injin ruwan yake tafiya. Don a raba gardama tsakanin gasket biyun, akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto: in hayaƙin silinda na shiga ruwa, sai ya koma rawaya, wannan tof gasket ne ko tsagewar kan injin. In ya tsaya shuɗi, zargi ya koma kan manifol. A yi wannan gwajin kafin a yarda a sauke kan injin.

Ruwa a cikin baƙin mai yana cinye metal, wato faifan ƙarfen da kirankishaf ke juyawa a kansu, cikin ɗan lokaci. Motar da ke haka a ajiye ta.

11. A shafa gam a kan sabon gasket ko kada a shafa?

A gasket na roba mai zama cikin rami, kada a shafa. Gam yana sa shi santsi ya zame, kuma abin da ya matso ta ciki yana ɓallewa injin ya zuƙe. Wani gam ɗin mai warin tsami tururinsa yana kashe sensar iskar salansa. Inda ake buƙatarsa shi ne a injinan V masu manifol da ke rufe tsakiyar injin: ana ja masa layi a bangon gaba da na baya, da kusurwoyi huɗu inda kan injin ya haɗu da ganga. In aka yi rowa a kusurwoyin nan, baƙin mai zai riƙa tsiyaya ta bayan injin a ɗauka silin giya ne.

Bakaniken da ya mayar da tsohon gasket ya dame shi da gam, aikin wata biyu ya yi maka.

12. Ɗaurin noti yana da wata ƙa'ida ne?

Yana da ita, kuma nan ne aiki da yawa ke lalacewa. Ana farawa daga tsakiya a fita gefe ana tsallakawa, a zagaye biyu ko uku, ba a ƙulle ɗaya tamau a wuce na gaba ba. Ƙarfin ɗaurin kaɗan ne. A injin 1ZZ, 30 Nm ne, abin da ɗan gajeren hannu ke bayarwa ba tare da an sa jiki ba. Ƙara bututu a kan sufana yana tsaga manifol na roba ko ya cinye zaren cikin alminiyom, kuma notin da zarensa ya cinye yana nuna kamar ya ɗauru alhali bai danne komai ba.

Fuskar da gasket zai zauna sai ta yi tsaf. A kankare da abin roba ko reza a kwance, bayan an toshe ramukan da tsumma mai tsabta. Faifan gurza na inji yana cin alminiyom ya bar kwari, ƙurarsa kuma in ta shiga baƙin mai yashi ce. In ana shakkar manifol ya karkace, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a zura filageji, siraran ƙarafan auna tazara. A injina da yawa iyakar ba ta wuce 0.1 mm ba. Manifol ɗan Beljiyam ma a auna shi kafin a biya.

13. Wata ƙara ta ɓullo, "ƙwas-ƙwas", da ba ta nan a da.

A kashe injin. Noti, zoben ƙarƙashin noti ko guntun soket da ya faɗa ramin iska yana sauka kan fistin, kuma kowane juyi ɓarna yake ƙarawa. A ƙirga kayan aiki da notin da suka rage, a ƙirga tsummokaran da aka toshe ramuka da su. A cire fulogi a duba bakinsu: wanda aka daddake ya nuna silindar. Ana iya zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi, ko maganaɗisu in abin ƙarfe ne.

A V6 na General Motors masu lita 3.1 da 3.4, irin na Pontiac Montana da Chevrolet Venture, sai an zare sandunan da ke tura bawul kafin gasket ya fita. Sandunan ba tsayinsu ɗaya ba, na bawul ɗin hayaƙi sun fi na iska tsawo kaɗan. In aka cakuɗa su, injin zai yi ƙara da misin, yana kuma iya lanƙwasa bawul. Ana soka su a kwali bi da bi yadda aka ciro su.

14. Ina jin warin fetur.

Robobin nozul ne galibi. In aka tura nozul a bushe, robar takan yanke ko ta naɗe. Ana sa sababbi, a shafa musu ɗan baƙin mai, a tura ana murzawa. Ta sama in ta yanke fetur take zubarwa, ta ƙasa kuma iska take sha, ta kawo abin da aka bayyana a amsa ta 7. A tayar a haska layin nozul da mahaɗar tiyon mai. Ko danshi aka gani, a kashe.

15. Corolla ce, da safe kawai take rawa, in ta ɗumi sai ta daidaita.

Wannan sanannen hali ne na 1ZZ a Corolla, Matrix da Vibe na 2003 zuwa 2008. Robar gasket tana ƙanƙancewa da sanyi ta buɗe kafa, in injin ya ɗumi ta kumbura ta rufe. Shi ya sa ƙorafin ya fi yawa da hunturu. Toyota ta sake fasalin gasket ɗin, sabon ruwan lemo ne. In an canza kuma halin bai tafi ba, ko dai an sa mara kyau mai tauri, ko ƙafar da ke tallafe manifol ta ƙasa aka fara ɗaurewa ta hana shi kwanciya daidai. A sassauta ta, a ɗaure na jikin injin tukuna yadda amsa ta 12 ta nuna. Gwajin feshi kuma a yi shi da sassafe kafin injin ya ɗumi, in ba haka ba ba za a ga komai ba.

16. An gyara, amma fitilar cek injin ba ta mutu ba. Zan iya tafiya da ita?

Fitilar ba ta mutuwa nan take. Kwamfuta tana jira ta ga tafiya uku a jere ba matsala kafin ta kashe ta, ko a goge da sikana. Bayan an goge, a duba LTFT bayan tafiyar kilomita 30 zuwa 50. In ya dawo ƙasa da kashi 10, aikin ya yi.

In fitilar tana tsaye, birki lafiya, ba zafi, ba warin mai, ana iya kai ta gareji a hankali. In tana ƙiftawa, misin ne mai tsanani, ɗanyen fetur yana tafiya salansa yana ƙone katalis, abin nan da 'yan gareji ke kira indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na gasket sau da yawa. A nan a faka a kira bakaniken da ya yi aikin ya zo da sikanarsa.